Darasi Na 14: Wani, Wata, Waɗansu

Yau za mu duba kalmomi uku ƙanana waɗanda kullum su ke bakinmu, watau wani, wata, waɗansu. Da su mu ke ambaton mutum ko abu in ba mu san sunansa ba, ko kuwa mun sani amma ba mu so mu faɗa.

Ku karanta waɗannan da ƙarfi:

Wani ya zo daga Kiru.
Wata ta kawo nono daga ruga.
Waɗansu sun tafi itace dajin Ɗansoshiya.

Kun gani, wani na namiji ne, wata ta mace ce, waɗansu kuwa na masu yawa ne, ko maza ko mata. Mu kan gajarta mu ce wasu, duk ɗaya ne. Ba ga mutane kaɗai ba, har ga kaya: wani buhu, wata gona, waɗansu shanu. In ka yi shakka, sai ka gwada da ne ko ce. Mu kan ce gona ce, saboda haka wata gona. Rafi ne, saboda haka wani rafi.

Yaranmu da ke koyon Turanci a makaranta suna da kalma someone. Ita ɗaya ce tak, ko namiji ko mace. Wanda ya ji ta bai san mai gemu ne ya zo ko mai goyo ba. A nan kam Hausa ta fi bayani.

Kalmomin nan suna da aiki na biyu, watau nuna abu dabam. In ka ɗauki ƙwarya a kasuwar Kwanar Dangora ka ga ta tsage, sai ka ce wa mai ita, "Ba ni wata." Haka kuma a karin magana, abincin wani gubar wani. Wani na farko dabam, na biyu dabam.

To, ga inda mu ke so ku natsu. In kana magana ka ce wani, mai jinka ya kan tambaye ka, "Wane ne?" sai ka faɗa masa. Amma takarda ba ta da baki, ba a tambayarta. Abin da ka sa mata shi za ta riƙe.

Ga misali. Manomi a ƙasar Tudun Wada, damina ta kama shi ba hatsi a rumbu, ya jinginar da gonarsa. Ya rubuta haka: "Na ba wani gonata jingina a kan wasu kuɗi, zan fansa wata rana." Rubutu ya yi kyau, ba harafin da ya kuskure. Bayan shekara 5 Allah ya yi masa rasuwa. 'Ya'yansa suka zo fansar gona, mai riƙe da ita ya ce ai saye ya yi. Aka je gaban alƙali, aka buɗe takarda. Wane ne wani? Nawa ne wasu kuɗi? Yaushe ce wata rana? Ba amsa ko ɗaya, mai amsawa kuwa yana kushewa. Sai a koma neman shaidu, in suna da rai.

Saboda haka a takardar jingina, ko ta bashi, ko ta ciniki, mu rubuta sunan mutum da na ubansa da garinsu. Mu sa kuɗi da lamba, naira kaza, sa'an nan ranar wata da shekara, da sunayen shaidu. Ko a wasiƙa ma haka ne. In ka aika wa ɗan'uwanka a Riruwai da buhun masara 2, kada ka ce, "Na ba wani ya kawo maka." Faɗi sunan direban, domin ya san wanda zai nema a tasha.

Aiki

Ku cika waɗannan a littattafanku da wani, wata ko waɗansu:

1. ...... akuya ta shiga gonarmu.
2. ...... baƙi sun sauka Bebeji.
3. Wannan igiya ta tsinke, kawo .......

Sa'an nan kowa ya sake rubuta takardar manomin nan, ya cire kalmomin nan uku, ya sa suna da kuɗi da rana. Gobe a kawo wa malam ya duba.