Kafin Ka Goge Windows Saboda Jirgin Kwamfuta

Wata magana ta bazu a tsakanin samarin da ke koyon tuƙin jirgin sama a kwamfuta a nan Gusau, na ji ta kai Tsafe da Bunguɗu, kuma gaskiya ta ishe ni. Wai idan manhajar kwaikwayon jirgi tana yi maka tsaye-tsaye, magani shi ne ka goge Windows ka ɗora Linux, nan take gudu zai ninka. Wasu har da ƙarin gishiri, wai a Linux duk jiragen da ake saye da dala kyauta ne. Ba a zuwa wurina sai bayan ɓarna ta auku. Yaro zai shigo da laftof, an riga an yi mata fomat, Ubuntu na zaune a kai, jirgin da ya tara kuɗi wata da watanni ya saya ya buɗe amma allunan gaban matuƙi baƙi ƙirin, tsaye-tsayen kuwa na nan yadda yake. Garin neman gira an rasa ido.

Bari in fara da gudun, tunda shi ne tushen jita-jitar. Babbar manhaja, Windows ce ko Linux, ba ita ke zana gajimare da filin jirgin Malam Aminu Kano a allonka ba. Katin hoto ne ke zanawa, furosesa kuma na lissafin iska da nauyi da injin. Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibanmu na hannu ne, irin HP EliteBook da Dell Latitude da ofisoshin Turai suka gama da su, RAM ɗinsu gigabait 8, katin hotonsu ɗan ƙaramin Intel ɗin nan da ke manne da furosesa. An ƙera su ne domin rubutu da lissafin ofis. X-Plane 12, wanda ya fito a Disambar 2022, yana neman katin hoto mai zaman kansa da ke fahimtar Vulkan, mai ƙwaƙwalwar kansa aƙalla gigabait 2, kuma wannan shi ne mafi ƙaranci, na a ce dai ya tashi. Microsoft Flight Simulator 2024 kuwa RAM gigabait 16 yake nema tun daga ƙofa. Ka ɗora duk babbar manhajar da ka ga dama a kan waccan laftof, katin da babu shi ba zai tsiro ba.

Akwai ɗan ƙwayar gaskiya a cikin maganar, ban musa ba. Linux Mint ba ta cin RAM kamar Windows da aka cika da tarkace, don haka mai gigabait 8 zai iya samun ɗan sarari. A kwamfuta mai lafiyayyen kati kuma, X-Plane kan yi gudu kusan ɗaya a ɓangarorin biyu, musamman tun da ya koma amfani da Vulkan a 2020. Wani lokaci wannan ya ɗan fi, wani lokaci wancan. Ɗan bambanci ne. Ninkawa ba ta cikin lissafin, kuma duk wanda ya ce maka tasa ta ninka, ka tambaye shi me ke cikin Windows ɗinsa kafin ya goge. Sau da yawa za ka tarar Windows ce ta sata, da manhajar kashe ƙwayoyin cuta biyu suna kokawa da juna, da direban katin hoto na shekarun baya. Da ya sake ɗora Windows mai tsabta, da ya ga sauƙin nan ba tare da ya rasa komai ba.

Abubuwan da suka fi kashe gudu a ƙasarmu ma ba su da alaƙa da wannan muhawara. Zafin bazara da ke kai maki 40, ƙurar hunturu da ta toshe fanka, laftof a kan katifa, sai kuma a ɗauke wuta ta koma kan batir. Furosesa idan ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, katin hoto kuma ba ya ba da ƙarfinsa idan ba a jone da caja ba. A buɗe a hure ƙurar, a sauya man da ke kan furosesa, a ɗaga ta a kan teburi.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka saurara, domin nan ne ake asarar kuɗi. Manhajar jirgi ita ce ke zaɓar maka babbar manhaja, kayan ƙarin da ka ɗora mata kuma su ke da magana ta ƙarshe. Microsoft Flight Simulator, na 2020 da na 2024, kamfanin Asobo na Faransa ya gina su domin Windows da na'urorin wasa. Ba su da bugun Linux, ba su da na Mac. Gaskiya ne wanda aka saya ta Steam yana iya tashi a Linux ta hanyar Proton, wata gada da kamfanin Valve ya fitar a 2018. Amma wanda aka saya ta shagon Microsoft ba ya bin wannan gada ko kaɗan, sai dai ka sake saye. Mutum nawa ne suka duba ta ina suka saya kafin su goge? Prepar3D na Lockheed Martin shi ma ɗan Windows ne. X-Plane na Laminar Research da FlightGear, wanda kyauta ne tun 1997, su ne ke da bugu na asali a Windows da Linux da Mac.

Ko manhajar ta tashi, ba a gama ba. Jirgin da ka saya daban ba hoto ba ne kawai. A320 na Fenix, alal misali, yana da wata manhaja ta Windows da ke gudana a gefe, ita ke lissafin na'urorin jirgin tana aika wa allunan. In ba ta tashi ba, ga jirgi ga kujera, allo baƙi. Kayan PMDG ana ɗora su ana sabunta su ne ta manhajar Windows. FSUIPC, wanda kayan ƙari da yawa ke jingina da shi, na Windows ne. vPilot, da masu Microsoft Flight Simulator ke shiga VATSIM da shi su yi magana da masu ba da umarnin sauka da tashi, na Windows ne. Akwai gwanayen da ke lallaɓa wasu daga cikin waɗannan su yi aiki a Linux, suna kwana suna gyara, sabuntawa ɗaya ta zo ta rushe musu. Idan ka rubuta wa kamfanin kana kuka, amsar ita ce ba su taɓa alkawarin Linux ba, kuma gaskiyarsu ce. Kai tuƙi ka zo koyo ko gyaran gada?

Masu X-Plane sun fi sa'a, amma su ma su buɗe ido. Kowane kayan ƙari mai aiki da kansa yana zuwa da fayil mai ƙarewa da xpl, kuma kowace babbar manhaja da nata. Ka shiga jakar kayan ka duba: idan na win kaɗai ka gani, babu na lin, to ba zai yi aiki a Linux ba, komai addu'arka. Boeing 737 na Zibo, wanda kyauta ne, da jiragen Airbus na ToLiss, da xPilot na shiga VATSIM, da taswirar Little Navmap, duk suna aiki a ɓangarori ukun. SimBrief na tsara tafiya kuwa a burauza yake, bai damu da abin da ka ɗora ba. Sai wata 'yar matsala da ke ruɗa sababbi: Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Windows ba ruwanta. Filin jirgin da wani ya zana da sakaci zai fito lafiya a Windows, a Linux ka tarar gine-gine sun ɓace. Sandar tuƙi yawanci tana aiki da zarar ka jona, amma manhajar kamfanin da ake saita maɓallanta da ita, ita ma galibi 'yar Windows ce.

Saboda haka zan maimaita, kuma zan ci gaba da maimaitawa: kada ka bari kowa ya yi wa kwamfutarka fomat kafin ka ɗauki biro da takarda. Rubuta kowane jirgi, kowane fili, kowace 'yar manhaja da kake buɗewa kafin ka tashi, da inda ka saye ta, da lambar lasisinta. Shiga shafin kowane kamfani ka ga ko ya ambaci Linux da bakinsa. Abu ɗaya da ba za ka iya rabuwa da shi ba idan ya faɗi, magana ta ƙare, ka zauna inda kake. Sannan ka kwafe dukkan jakunkunan zuwa rumbun waje. Microsoft Flight Simulator 2020 kaɗai yana neman wurin gigabait 150. Lissafa kuɗin datar sake sauke wannan a Tsafe, da daren da za ka kwashe kana jiran layi ya daidaita, sannan ka gaya mini ko ƙarin hotuna biyu ko uku a daƙiƙa sun kai wannan wahala.

A nan dole in yi wa 'yan'uwana masu gyara magana. Wannan ɗabi'a ta fomat ga kowace cuta ta yi yawa. A kawo kwamfuta tana zafi, fomat. Tana jinkiri, fomat. Ba a tambayi mai ita abin da ke ciki ba, ba a auna komai ba, an karɓi kuɗin aiki. Yanzu an samu sabon salo, ana ɗora Linux don a ce an waye. Ina son Linux, ina amfani da ita kullum, shi ya sa nake jin zafin yadda ake ɓata mata suna da alkawarin da ba ita ta ɗauka ba. Makarantun koyon kwamfuta su ma da laifinsu: yaro ya gama, ya iya Word da Excel, bai san inda ake duba sunan katin hotonsa ba. Su kuma masu sauke jiragen sata daga shafukan banza, ku sani da yawan tsaye-tsayenku daga nan ya shigo, tare da abin da ke leƙa kalmomin sirrinku.

Akwai waɗanda sauyin ya dace da su, kuma ba 'yan kaɗan ba ne. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 tana neman TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, wanda ya bar tarin kwamfutocinmu a waje. Idan taka na cikinsu, tana da katin Nvidia ko AMD mai ɗan ƙarfi, kuma X-Plane ko FlightGear kake tuƙawa, to Linux Mint ko Ubuntu hanya ce mai kyau, ta fi zama a kan Windows da ba a toshe mata ɓaraka. Lambar lasisin X-Plane ɗinka ɗaya ce a duk ɓangarorin, ba sai ka sake biya ba. Mai Nvidia ya tabbatar ya ɗora direban kamfanin na asali. Idan kuwa kwamfutarka ta cancanci Windows 11 kuma kayan Microsoft kake amfani da su, hau kawai, kayan ƙarinka za su bi ka. Mai tunanin sayen Mac kuma ya sani, tun da Apple ya koma furosesar M a 2020 babu sauran Boot Camp na ɗora Windows a kansu, X-Plane ne abokin tafiyarsa.

Ni a ganina ma, ga mutumin Zamfara tambayar intanet ta fi ta babbar manhaja nauyi. Bugun Microsoft na 2024 yana jawo yawancin duniyarsa ne kai tsaye daga intanet yayin da kake tashi. Megabit 10 a daƙiƙa shi ne mafi ƙarancin da suka gindaya, 50 suka ba da shawara. Mu da muka ga Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar, mun san abin da dogaro da layi ke nufi. X-Plane yana barinka ka zaɓi yankin duniyar da kake so ka sauke. Ɗauki Afirka ta Yamma kawai, ta zauna a rumbunka. Da ita za ka tashi da Cessna 172 daga Gusau, ka bi titin da ya wuce Kwatarkwashi da Tsafe da Funtuwa har Zariya, garin da kwalejin koyon tuƙin jirgi ta ƙasa take tun 1964. Wannan atisaye na riƙe tsayi da alƙibla da karanta taswira ya fi amfani ga mai burin shiga can fiye da babban Airbus da kwamfutarsa ba ta iya ɗauka. A dai tuna, awannin gida ba sa shiga littafin matuƙi a wurin hukuma.

Hanyar gwaji ba ta da wuya. Kafin ka taɓa komai, kunna ma'aunin hotuna a daƙiƙa, manhajojin duka suna da shi, wasu har suna nuna ko furosesa ce ta gaza ko katin hoto. Fili ɗaya, jirgi ɗaya, yanayi ɗaya, ka rubuta lambar. A X-Plane idan ta sauka ƙasa da 20 lokacin cikin manhajar kansa yana rage gudu, don haka ka rage inuwa da gajimare da yawan gine-gine tukuna. In har yanzu kana son Linux, sayi ƙaramin SSD na biyu ka ɗora ta a kai, Windows na nan ba a taɓa ba. Ka adana lambar BitLocker a takarda kafin ka fara, domin Windows 11 kan kulle rumbu ba tare da mai shi ya lura ba. X-Plane yana da bugun gwaji kyauta na minti 15, ya isa ka maimaita awon nan ka kwatanta lambobin biyu.

Wanda kuwa ya riga ya goge, ya daina ɗora sabon abu a rumbun idan akwai fayilolin da yake fatan a ceto. Lambobin lasisi yawanci suna cikin imel ɗin da aka aiko maka ranar saye, ko a asusunka na shagon. Idan Windows ɗinka ta asali ce, lasisinta na ɗaure da kwamfutar, za ta farfaɗo da kanta da zarar ka sake ɗora irin bugun da ka cire ka jona intanet. Wanda ya saya ta Steam kuma yana iya kwafo jakar manhajar daga abokin da ke da irinta, ya sa Steam ya tantance fayilolin da asusunsa, ya rage kuɗin data.