Yadda ake karanta tarihin zabtarewar laka a jikin itace

Duk kafintan da ya taɓa yanka gungumen itacen tek a Tokoin, ƙasar Togo, ya ga zobban da ke cikinsa. Galibi kowane zobe shekara ɗaya ce. Da su masana ke gano shekarun da laka da duwatsu suka gangaro daga tsauni, irin bala'in da ya ci rayuka sama da 1,000 a Firitawun a Agustan 2017.

Aikin yana farawa daga bakin kwazazzabo, inda lakar ke bajewa. A zana taswirar wurin, sannan a nemi itatuwan da suka sha wuya: mai tabo a gefen da ke kallon tudu, wanda ya karkace, wanda laka ta binne gindinsa. Ba a sare su. Wani ƙarfe mai rami ake murzawa har zuciyar itacen, a zaro tsinke mai kaurin fensir. Dole a ɗebo na lafiyayyun itatuwa daga nesa, in ba haka ba sai a ɗora wa laka laifin fari.

A ɗakin bincike a manna tsinken a katako, a goge da samfefa, a ƙirga zobban daga ɓawo zuwa ciki da madubin ƙara girma. Nan ne gwanintar take. Itacen da aka binne, zobbansa kan tsuke farat ɗaya. Wanda ya karkace, gefe ɗaya ke yin kauri, yana neman miƙewa. Wanda dutse ya fasa, sabon nama ke rufe raunin, shekarar kuma ta zauna daram a wurin. Itace ɗaya bai isa shaida ba. Sai da yawa sun nuna shekara guda.

Haka Markus Stoffel da abokan aikinsa suka yi a Ritigraben, ƙasar Suwizalan. Daga itatuwa sama da 1,000 suka gano zabtarewa fiye da 120 tun ƙarni na 16.

A ganina gangaren tsaunin Agu da na Kpalime, a kudancin Togo, sun cancanci wannan aiki, don akwai ƙauyuka da gonakin koko a kansu. Sai dai kudancin Togo damina biyu gare shi, itace kan iya yin zoben ƙarya a tsakani. Saboda haka a fara ƙirga da tek na gandun da aka san shekarar dashensa.