Karatu da Sana'a, Kada Ku Saki Ɗaya

'Ya'yana matasan Shagari, kun taso kuna jin sunan garinku ko'ina saboda marigayi Alhaji Shehu Shagari. Kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979 malamin makaranta ne, kimiyya ya koyar a Midil ta Sakkwato. A zamanin mulkinsa, a 1982, aka fara aiki da tsarin ilimi na 6-3-3-4. Niyyar mai kyau ce: yaro ya yi shekara uku a ƙaramar sakandare yana taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki, in hannunsa ya fi faɗawa can sai ya wuce kwalejin fasaha, ba wanda zai ce ya gaza.

An sayo injuna daga Turai, an rarraba wa makarantu. Da yawa a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, don babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kansu. Yaro ya haddace sunan zarto a allo, bai taɓa riƙe shi ba. Iyaye kuma suka ɗauki mai koyon sana'a wanda boko ya ƙi.

To kada ku zauna jiran a gyara wannan. Ku dubi fadama da rani. Mai albasa in injin ban-ruwansa ya tsaya, kwana biyu shuka ta fara langaɓewa, sai ka gan shi ya ɗaure injin a bayan babur yana neman bakanike, wani zubin har Boɗinga ko cikin Sakkwato. Yaron da in an tashi makaranta ya wuce gareji, ya jure wankin fulogi da faɗan maigida, ba zai rasa na sabulu ba. Amma kada ya bar aji. Lissafi da Turancin nan su za su ba shi damar karanta takardar da ta zo da inji ko famfon sola, abin da kan gagari maigidan nasa. Akwai kuma hukumar jarrabawar sana'a da fasaha ta NABTEB, takardarta ana neman gurbin ƙaro karatu da ita.

'Yan mata, har da ku nake. Wanda ya ce karatun mace baƙo ne a ƙasar nan, a tuna masa Nana Asma'u da 'Yan Taru. Asibitocin ƙauyukanmu na buƙatar ungozoma mai ilimi, matanmu sun fi sakewa da 'yar'uwarsu mace. Mai wannan buri ta dage da darussan kimiyya tun daga aji huɗu, don su ake fara dubawa a makarantar jinya da ungozoma ta Sakkwato.