Fitilar Ƙwai a Daren da Babu Wuta: Fara Duba Man da Ke Galan

A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama, har da Kaduna, sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro, ɗaya layin da ke biyowa ta Makurɗi zuwa Jos shi ma ya faɗi. A irin wannan hali fitilar caji takan mutu cikin dare biyu ko uku, wayar da ake haska ɗaki da ita ta bi sahu, sai a shiga laluben ƙarƙashin gado ana neman tsohuwar fitilar ƙwai da aka jingine shekaru. Tun daga lokacin nake yawan shan tambaya daga mutanen Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi: shin ya dace a ci gaba da ajiye fitilar kananzir a gida, kuma za a iya tafiya da ita kwanan gona ko sansanin matasa?

Amsata ita ce a ajiye ta, amma a matsayin ta biyu. Fitilar sola ko ta caji ce ya kamata ta zama ta yau da kullum. Sai dai duk wanda ya zauna a kudancin Kaduna ya san yadda watan Agusta yake. Hadari kan rufe sama kwana uku ko huɗu a jere, ƙaramin faifan sola bai samun abin da zai cika batir. Fitilar ƙwai ba ta jiran rana, ba ta jiran NEPA. Lita guda ta kananzir za ta kai ta awa 30 zuwa 50, gwargwadon girmanta da yadda aka ɗaga lagwani. Matsalarta ita ce yaran da suka taso yanzu ba su san hannunta ba, kuma man da ake sayarwa a yau ba lallai ne ya zama irin wanda iyayenmu suka sani ba.

A kan man zan fi tsayawa, domin a nan ake rasa rayuka. Kananzir mai kyau ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai zafinsa ya kai kimanin digiri 38. Shi ya sa yake buƙatar lagwani ya janyo shi kaɗan-kaɗan zuwa bakin wuta. Fetur kuwa ko a sanyin da ya fi na firiza yana fitar da tururi mai kamawa. Idan ɗan fetur ya shiga cikin kananzir, sararin da ke saman mai a cikin galan yakan cika da tururi gauraye da iska. Uwargida ta ga fitila na neman mutuwa, ta buɗe murfin tankin alhali wuta na ci, ta karkato galan. Tururin ya riga man fitowa, ya taɓa harshen wuta, wutar ta bi shi ta koma cikin galan, galan ya fashe ya watsa mai mai ci a ƙirjinta da fuskarta da yaran da suka zagaye ta suna jiran haske. Duk wannan ba ya ɗaukar daƙiƙa biyu. Haka aka yi a jihohin Edo da Legas a shekarar 2001, inda gurɓataccen kananzir ya ƙona mutane masu yawa a gidajensu, wasu suka mutu, akasarinsu mata da yara.

Ta yaya fetur ke shiga? Wani lokaci tankar da ta yi dakon fetur ce aka zuba mata kananzir ba a wanke ba. Wani lokaci a gida abin ke faruwa: jarkar da maigida ya sayo man babur ko na janareta da ita jiya, ita aka bai wa yaro yau ya sayo kananzir. Akwai kuma ganganci. Gwamnati ta janye tallafin kananzir a farkon 2016, kafin ƙarshen 2022 litarsa ta haura naira 1,000, ya zama ya fi fetur tsada. Duk lokacin da fetur ya fi araha, mai son zuciya yana da riba idan ya tsarma shi a ciki. Saboda haka idan ɗan bumburutu ya yi maka farashin da ya yi ƙasa da na kowa, kada ka ɗauka sa'a ka yi.

Kafin sabon mai ya shiga fitila, a gwada shi. Shinshina shi tukuna. Warin fetur yana da kaifi, yana hawa kai nan take. Ɗiga kaɗan a bayan hannu: kananzir yakan zauna da maiƙonsa, mai gauraye da fetur yakan yi sanyi ya bushe da sauri. Gwaji na ƙarshe babba ne zai yi shi, a tsakar gida, a inuwa, bayan an rufe galan an kai shi nesa. Zuba abin da bai wuce rabin cokalin shayi ba a murfin kwalba na ƙarfe, a aje bisa yashi, a kunna bakin dogon kara a miƙa shi saman man. Kananzir mai kyau ba zai kama nan take ba. Idan wuta ta yi tsalle ta kama tun karan bai taɓa man ba, wannan mai kada ya shiga fitila, kada ya shiga risho. A mayar wa mai shi, a kuma faɗa wa maƙwabta, domin daga duro ɗaya unguwa take saye.

Ko man ya ci gwaji, doka ɗaya ba ta canzawa: ba a ƙara wa fitila mai tana ci, ba a ƙara mata tana da zafi. A cika ta da la'asar, ido na ganin ido, a waje, da mazurari. Kada a cika ta fal. A bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu na tankin, saboda mai yana kumbura idan ya ɗumama. A goge wanda ya zuba a jikinta. Idan ta ƙare da tsakar dare, a kashe, a haska tocila, a jira ta huce. Na san jiran minti goma cikin duhu da yaro na kuka yana da wuya. Jinyar ƙuna tana cin watanni.

Yanzu ita kanta fitilar. Bututun nan biyu da ke gefenta, waɗanda mutane ke ɗauka mariƙi ne kawai, su ne hanyar numfashinta. Iska ke bi ta cikinsu ta sauka ƙarƙashin lagwani, shi ya sa guguwa ba ta kashe ta kamar yadda take kashe aci-balbal. Wani Ba'amurke mai suna John Irwin ne ya yi rajistar wannan fasaha a 1869, kuma har yau a kanta ake ƙera fitilun da ke zuwa mana daga Sin. Fitilar da ta daɗe a jingine, zanzaro da gizo-gizo kan toshe mata waɗannan hanyoyi da ƙananan ramukan da ke ƙarƙashin ƙwai, sai ta riƙa hayaƙi ana zargin mai. A share su. A zuba mata mai kaɗan a aje bisa takarda na awa guda. In takardar ta jiƙe, tsatsa ta huda tankin, aikinta ya ƙare.

Lagwani a yanke bakinsa a miƙe da almakashi, a cire baƙin da ya ƙone. Sabo a bar shi ya sha mai minti goma kafin a kusanto da ashana. A kunna shi ƙasa-ƙasa, domin harshen wutar yakan ƙaru da kansa idan ƙwan ya ɗumama. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne murɗa lagwani sama don neman ƙarin haske. Abin da ake samu baƙin hayaƙi ne, ƙwan ya dushe, hasken ya ragu, mai ya tafi a banza. Ƙwan kuma sai ya huce ake goge shi, da busasshen tsumma da ɗan toka. Ɗigon ruwa ɗaya a kan ƙwai mai zafi ya isa ya tsaga shi, abin lura ga masu rataye fitila a bakin baranda da damina.

Batun hayaƙi ya dame ni ƙwarai saboda ɗalibai. Hasken fitilar ƙwai bai kai kashi ɗaya cikin goma na tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 ba, don haka yaro yakan kawo fuskarsa dab da ita yana karatu. Aci-balbal ta fi muni nesa ba kusa ba. Binciken da masana na jami'o'in Berkeley da Illinois a Amurka suka fitar a 2012 ya nuna kashi 7 zuwa 9 cikin ɗari na man da irin wannan fitila mara ƙwai ke ci yana fita ne a matsayin baƙin hayaƙi. Wanda ya taɓa kwana da ita ya ga shaidar a hancinsa da safe. Ɗalibin kwalejin Gidan Waya ko na reshen jami'ar jiha da ke Kafanchan, in kuɗinsa na abu ɗaya ne, ya sayi ƙaramar fitilar sola ta karatu. Mai asma da jariri da tsoho mai tari a nisanta su da ɗakin da kananzir ke ci.

Akwai kuma iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda kowace wuta ke fitarwa idan iskar ɗaki ta yi mata kaɗan. Tana manne wa jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da ɗoriya. Fitila guda ba ta fitar da ita kamar janareta ko kaskon gawayi, amma da hunturu, lokacin da sanyin tsaunin Kagoro ke saukowa ana toshe taga da tsumma, akan haɗa fitila da kasko a ɗaki ɗaya a rufe ƙofa. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya da suka kama mutanen ɗaki gaba ɗaya alama ce. A buɗe ƙofa, a fita da kowa waje, a nufi asibiti. Ba a barci a bar fitila na ci. Idan yaro na tsoron duhu, ƙaramar tocila ta wadatar. Gidan sauro kuwa da zaren roba ake saƙa shi, yana kamawa ya narke a jikin wanda ke ciki, don haka a bar aƙalla taku biyu tsakaninsa da fitila.

Sai masu kwana a waje. A wajenmu wannan ya haɗa manoman citta na Kachia da Jaba da ke tarewa a gona lokacin haƙa, da makiyaya, da yaran Boys' Brigade da 'yan agaji da ke fita sansani, da matasan da ke zuwa hawan dutse a Kagoro lokacin bikin Afan na ranar 1 ga Janairu ko yawon buɗe ido a magangarar ruwan Matsirga. Yawancin wannan da rani ake yi, ciyawa ta bushe ƙayau, iskar hunturu na kaɗawa. A nan fitilar ƙwai take nuna amfaninta, a nan kuma kuskure ɗaya ke cinye gona da amfanin shekara. Kada ta shiga cikin tanti ko kaɗan. A bukka, kada a rataye ta a jikin jinka, domin zafin da ke fita ta kanta yana iya kunna ciyawar da ke sama ba tare da harshen wuta ya taɓa ta ba. A kafa sanda mai ƙarfi a fili, a share ciyawa taku uku kewaye, a rataye ta a can, a aje bokitin yashi kusa. In za a ɗauke ta a babur, a juye man a galan mai murfi, a naɗe ƙwan da tsumma. Shugaban sansani ya ɗora alhakin fitilu a kan babban mutum guda, shi ke cikawa, shi ke kunnawa, shi ke kashewa. Kuma a halin tsaron da yankinmu ke ciki, a tuna cewa ana hango fitila daga nesa a daji. A tuntuɓi mai unguwa da 'yan sintiri kafin a yanke shawarar kwana.

Idan tsautsayi ya faɗa, ba a watsa wa wutar kananzir ruwa, domin man yana tasowa saman ruwan ya bazu da wutarsa. Yashi ake zubawa, ko a lulluɓe da jiƙaƙƙen bargo. Wanda tufafinsa suka kama kada ya ruga; ya kwanta ya yi birgima, a rufe shi da bargo. Bayan wutar ta mutu, sai ruwa ya yi aikinsa: a yi ta kwarara ruwa mai tsabta, ba mai ƙanƙara ba, a kan ƙunar har minti 20. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, amma kada a fizge tufar da ta manne. Ɗanyen ƙwai, man goge baki, gishiri, kamu, baƙin mai, duk ba su da wuri a kan ƙuna. Ƙwayoyin cuta suke shigarwa, su kuma wahalar da ma'aikacin da zai wanke ciwon. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi. Ƙunar fuska ko hannu ko al'aura, ko wadda ta fi tafin hannun mai ita girma, ko kowace iri a jikin ƙaramin yaro, ta asibiti ce, kamar babban asibitin da ke Kafanchan, a daren ba sai gari ya waye ba.

Abu na ƙarshe ya shafi kwalba. Shan kananzir na daga cikin gubar da ta fi kai ƙananan yara asibiti a Najeriya, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: an zuba shi a robar ruwa ko kwalbar lemo an aje a ƙasa. Idan yaro ya sha, iyaye, ina roƙonku kada ku ɗura masa manja ko madara, kada ku sa masa yatsa a maƙogwaro. Kananzir a ciki bai kai haɗarin kananzir a huhu ba, kuma amai ne ke tura shi huhun. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke jikinsa da sabulu, a riƙe shi a zaune a kai shi asibiti ko da yana wasa, domin wahalar numfashi na iya bayyana bayan awa shida ko fiye. Kananzir a ba shi galan nasa shi kaɗai, mai launi daban da na fetur, a rubuta sunansa a jiki, a ɗora shi inda hannun ɗan shekara uku ba ya kaiwa ko ya taka kujera.