Darasi: Wa Zai Kwance Li'azaru?

Karatu: Yohanna 11:38-44, Galatiyawa 6:1-2
Ayar haddacewa: Yohanna 11:44

A karatunmu na yau Yesu yana tsaye a bakin kabari a Betanya. Li'azaru ya kwana huɗu a ciki. Ubangiji ya kira shi da suna, ya kuwa fito da rai. Sau da yawa a nan muke tsayawa mu ta da Haleluya, amma labarin bai ƙare ba. Mutumin ya fito hannu da ƙafa a naɗe da likkafani, fuskarsa a rufe. Mai ikon da ya ta da matacce ai ba zai kasa warware ƙyalle ba. Duk da haka bai yi da kansa ba, mutanen da ke tsaye a wurin ya sa su kwance shi.

Haka yake da wanda Allah ya fid da shi daga shaye-shaye. Kuɓutarwa tana iya zuwa a dare ɗaya a gaban bagade, mun kuwa ga haka da idonmu. Kwancewa ita ce mai ɗaukar watanni da shekaru, kuma da hannun mutane ake yin ta. Shekarar 2020 ta nuna mana abin da ke faruwa in aka janye hannuwan nan gaba ɗaya.

Za ku tuna. Ranar 11 ga Afrilu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Kano, ana gobe Ista. Daren 16 ga wata dokar kulle ta Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ta fara aiki, ranar 27 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara mako biyu. Daga baya aka riƙa sassautawa Litinin da Alhamis domin cefane. Sai farkon Yuli aka ɗage ta. An rufe majami'u da masallatai, ga zafin bazara, ga labarin mace-mace a cikin gari. Ba mu ce kullen ba shi da dalili ba, an yi shi ne don ceton rai. Amma akwai waɗanda suka biya farashinsa a ɓoye.

Ka ɗauki misalin saurayi mai aikin lebura a wani kamfanin roba a Bompai, wata uku da barin tiramol. Me ke riƙe da shi? Yana tashi da asuba domin in ya makara an rufe ƙofar kamfani. Yana dawowa ɗakinsa a Dakata ko Brigade a gajiye, barci ya kwashe shi. Tsakiyar mako akwai nazarin Littafi Mai Tsarki, Asabar koyon waƙa, Lahadi sujada, inda wata mama a Zumuntar Mata za ta dube shi ta ce, "Ɗana, yaya jiki? Ka ci abinci?" Ba wanda ya ɗauki waɗannan a matsayin magani, amma su ne. A dare ɗaya duk suka tafi. Ba aiki, ba kuɗin yini, ba taro. Sai ɗaki, da waya, da tunani. Mai sayar da ƙwaya kuwa ba shi da shagon da za a rufe. Yana bayan layi, kuma ya fi mu sanin lambar yaron.

Haka abin ya shafi masu aiki a kamfanonin jima da sauran masana'antu na Sharaɗa da Challawa, musamman waɗanda sai sun fita ake biyansu. Wasu dama gajiyar aiki ce ta fara kai su ga ƙwaya. Da aikin ya tsaya, yunwa da fargaba suka karɓi wurin gajiyar.

Kada mu ɗauka matsalar ta 'yan kaɗan ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan rahoton BBC da ya nuna halin da matasan Kano ke ciki. Ƙwaya ba ta tambayar addini. Wasu cikin mutanen nan suna zaune a benci ɗaya da mu.

Akwai abin da kowane mai bi ya kamata ya sani, domin rai ne a ciki. Jikin mai shan tiramol ko kodin yana sabawa, har ya kai yana shan abin da zai kayar da wani. In ya bari na wasu makonni, sabon nan yana raguwa. Ranar da ya koma ya sha gwargwadon da, numfashinsa na iya tsayawa, tiramol kuma yana jawo farfaɗiya. Don haka wanda ya daɗe da bari ya fi shiga haɗari a ranar faɗuwa. A Amurka, inda ake ƙirga irin wannan mutuwa, ta tashi daga kusan 71,000 a 2019 zuwa kusan 92,000 a 2020. Ta ɗaya gefen kuma, wanda ya daɗe yana shan giya sosai, in ya yanke farat ɗaya, yana iya kama makyarkyata da jijjiga har ya mutu. Irin wannan asibiti za a kai shi, muna addu'a muna tafiya. Akwai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, hukumar NDLEA ma tana ba da shawara. Zuwa wurin likita ba rashin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne.

A nan zan faɗi abin da ba shi da daɗin ji. Mu masu bi mun iya murna da shaida, ba mu iya zama da wanda ya faɗi bayan shaidar ba. Yaro ya tsaya gaban jama'a ya ce Yesu ya kuɓutar da shi, mun yi rawa. In ya koma, da wane ido zai dube mu? Kunya ce ke hana shi dawowa, ba taurin zuciya ba. Da aka buɗe majami'u mun ƙirga waɗanda suka dawo, mun yi godiya. Wa ya ƙirga waɗanda ba su dawo ba? Wasu muka ce sun ja da baya, muka rufe zance. Bulus ya gaya wa Galatiyawa cewa in an kama ɗan'uwa cikin laifi, masu ruhaniya su maido shi cikin tawali'u, suna lura da kansu. Bai ce a jira shi ya zo da ƙafarsa ba.

Ka lura kuma, Marta ta yi maganar wari kafin a kawar da dutsen. Wanda zai kwance likkafani dole ya matso inda warin yake. Za a yi maka ƙarya. Wataƙila a ɗauke maka waya. Kada ka ba shi kuɗi a hannu, ka saya masa abinci. Kada ka kai sirrinsa taron addu'a da sunan roƙo. Kada kuma ka ɗauki kayan kai kaɗai, ku zama biyu ko uku da sanin Fasto, namiji ga namiji, mace ga mace.

Korona ta wuce, amma kulle bai ƙare ba. Dokar hana fita bayan rikici, sallama daga aiki in kamfani ya rage ma'aikata, jinya, mutuwar uwa, kowanne yana cire wa mai murmurewa abin da ke riƙe da shi. Shirin sai a yi tun ana zaman lafiya: wa zai kira wa kowace safiya, wa ya san ɗakinsa, wa zai kai masa tuwo in hanya ta rufu.

Tambayar tattaunawa: Wane ne ya taɓa ba da shaida a cikinmu, yanzu ba ma ganinsa? Wa zai je wurinsa kafin Lahadi mai zuwa?

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mana saboda waɗanda muka yi wa tafi muka manta da su. Ka tsare ran duk wanda ke kokawa shi kaɗai a ɗaki a daren yau. Ya Ruhu Mai Tsarki, ka sa sunan mutum ɗaya a zuciyata, ka ba ni ƙarfin hali in ƙwanƙwasa ƙofarsa. Cikin sunan Yesu. Amin.