Kafin Ka Biya Kuɗin Kwas ɗin Gwajin Walda

Matasa da dama suna zuba kuɗi a kwas ɗin gano aibin ƙarfe ba tare da an fasa shi ba, su karɓi takarda, su ɗauka sun zama ƙwararru. Ɗan'uwa, takardar halartar aji daban, shaidar ƙwarewa daban. Idan ka je neman aiki a bututun gas irin na Ajaokuta zuwa Kano, ta biyun za a tambaye ka.

Kafin ka biya ko sisi, tambayi makarantar tsarin da take bi. Idan SNT-TC-1A na Amurka ne, kamfanin da kake wa aiki shi ke ba da shaidar, kuma ranar da ka bar shi ta daina aiki. Idan kuwa ISO 9712 ne, irin PCN ta Birtaniya, hukuma mai zaman kanta ce ke shirya jarrabawar, shaidar ta zama taka, sai bayan shekara 5 ka sabunta ta. A wannan tsarin sai ka ci kashi 70 cikin 100 a kowane sashe, har da na aikin hannu. Ni dai shi nake ba masu farawa shawarar nema.

Kowace hanyar gwaji da shaidarta: ta maganaɗisu ba ta ba ka izinin gwaji da na'urar sauti ba.

Ka riƙa rubuta duk aikin da ka yi, shugabanka ya sa hannu, domin ba a ba da shaidar sai da hujjar gogewa. Ka je a gwada idonka tun da wuri, musamman bambance launuka, kada ka gama biya a ce ba ka cancanta ba.