Me Ya Hana Fis Lili Yin Fure?

Fis lili shukar ado ce mai koren ganye mai sheƙi, wadda ake ajiyewa a tukunya cikin ɗaki. Asalinta dazuzzukan Kudancin Amurka ne, irin na ƙasar Kolombiya, inda take girma ƙarƙashin manyan itatuwa, cikin laima da ɗumi. Masana tsirrai suna kiranta Spathiphyllum. Farin abin nan da ido ke ɗauka fure ne, ganye ne da ya rikiɗe. Ainihin furannin ƙanana ne, jere a jikin ɗan sandan da ke tsakiyarsa. Kukan da masu ita suka fi yi shi ne ta cika tukunya da ganye, shekara ta zagayo, fure shiru. Sai a ƙara mata taki, ko a yi ta ɗura mata ruwa, alhali galibi haske ta rasa.

Da haske shuka ke haɗa abincinta a cikin ganye. Idan hasken kaɗan ne, abin da ta haɗa na riƙe rai ne kawai. Fure kuwa yana cin ƙarfi, sai da rara ake yinsa, kamar yadda magidancin da hatsinsa bai wuce na tuwon dare ba ba ya kiran biki. Taki ba ya maye gurbin haske. Irin su yuriya ganye suke ƙara mata, in sun yi yawa ma su ƙona saiwa. Taki kaɗan, a tsarma shi da ruwa sosai, ya wadatar.

Wani zai ce ai shukar inuwa ce. Gaskiya ne, tana jure duhu fiye da yawancin tsirrai, kuma jurewar nan ce ke ruɗin mutane. Amma inuwar daji daban take da lungun ɗaki, domin a daji haske yana ratsowa ta tsakanin ganyaye wuni guda. A ajiye ta kusa da taga mai kallon gabas, ta sha hantsi mai laushi. In tagar yamma ce, a sa siririn labule. Kada a fitar da ita tsakar gida: ranar azahar ta Kano ko Maraɗi za ta babbake ganyen. Lokacin hunturu kuma ƙura tana rufe ganye ta tare hasken, don haka a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Wani kuma zai ce da furenta ya sayo ta, me ya canza? Manyan gonakin filawa sukan fesa wa ƙananan shuke-shuke wani sinadari mai suna jibaralin, wanda ke sa su fure tun ba su isa ba, don su ja hankalin mai saye. Idan ƙarfinsa ya ƙare, sai shukar ta jira girmanta, wanda kan iya ɗaukar shekara ko fiye. Ba lalacewa ta yi ba, kada a yar da ita.

Ruwa sai saman ƙasar tukunya ya fara bushewa, kuma tukunyar ta kasance da huda a ƙasa, don kwantaccen ruwa yana ruɓar da saiwa. Furen da ya tsufa ya koma kore, a yanke karansa daga tushe. A kuma ɗaga tukunyar inda hannun yara ba zai kai ba, domin ganyenta yana sa raɗaɗi da kumburi a baki idan aka tauna.